Yadda Kakanninmu Suka Rayu a Damargu



Yau hirarmu a kan ƙasarmu ce, Damargu. Za mu koma baya mu duba zaman mutanen da. Me suke ci? Da me suke ɗibar ruwa? Wa yake yi musu kayan aiki? Yaya suke yi in damina ta ƙi?

Ku dubi jakin da zai tafi rijiya gobe da safe. Jarkokin roba ne a jikinsa, waɗanda muke kira bido. A zamanin kakanninmu salka ce a wurin. Gugan da ake zurawa yanzu na roba ne. A da na fata ne. Igiyar ma ta kanti ce. A da ta kaba ce, ko ta fata. Abu uku ke nan suka sake a bakin rijiya guda. Kowane ɗayansu kuwa yana da mai yinsa, mai yin nan kuma yana da iyalin da yake ciyarwa da wannan sana'a. To, bari mu bi labarin tun daga tushe.

Rumbun Abzin

Damargu tana tsakanin Abzin da Damagaram. Daga Zinder zuwa Tanut kimanin kilomita 150 ne, a kan hanyar Agadas. Yau ƙasar ta kasu gunduma biyu, Tanut da Balbeji. A shekarar 2011 aka cire Balbeji daga cikin Tanut, ta tsaya da kanta.

Kowa ya san halin ƙasar nan. Damina gajera ce. Babu kogi. Akwai rijiyoyin da zurfinsu ya wuce gaba 30. Amma in ruwa ya sauka daidai, hatsi yana yi sosai. Arewa da mu kuwa ba a noman damina, sai kiwo, sai garka a gindin duwatsun Abzin. Saboda haka Damargu ita ce gonar ƙarshe kafin hamada. Mai zuwa daga arewa, a nan yake fara ganin rumbu. Mai tafiya arewa, a nan yake yin guzurin ƙarshe.

Tsofaffin manoman ƙasar su ne Dagirawa, dangin Barebari. Manoma ne, maharba ne kuma. Daga baya Hausawa suka yi ta shigowa daga kudu. Abzinawa kuma suna nan ƙabila-ƙabila: akwai Kel Ewai masu ayari, akwai Imuzurag waɗanda suka fi kowa ƙarfi a ƙasar kafin zuwan Nasara, akwai Ikazkazan. Fulani Bororo masu jajayen shanu sun zo ne a baya. Yawancinsu sun hauro daga kudu bayan shekarar 1900.

Ayarin gishiri

Abin da ya ɗaure waɗannan mutane wuri guda shi ne hatsi da gishiri.

Bayan damina, wajen watan Oktoba, Kel Ewai sukan tashi daga Abzin su nufi gabas. Sukan ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma. A Tenere babu ciyawa, babu itace. Don haka sai an ɗora wa raƙumi ciyawar da zai ci, da itacen girki, da salkunan ruwa. Madugu yana gaba. Da rana yana duban inuwa da kwanciyar rairayi, da dare yana duban taurari. In ya kuskure rijiya, ayari duka ya halaka. A zamanin da, raƙuma dubbai suke tafiya tare, don tsoron mahara.

Mutanen Bilma suna da gishiri da dabino, amma ba su da hatsi. Sai ayari ya ba su hatsin Damargu, ya karɓi dabino da gishiri iri biyu: kantu na dabbobi, da beza na miya. Daga nan su koma Abzin su ɗan huta. Sa'an nan su gangaro kudu, su bi ta Damargu zuwa Damagaram da Tasawa da Katsina da Kano. Can sukan yi rani, suna sayar da gishiri, raƙumansu suna kiwo a gonakin da aka girbe. Kafin damina su sayi hatsi da tufafi su koma gida.

Ku lura da wannan zagaye. Manomin Gangara bai taɓa ganin Bilma ba, amma hatsinsa ake ci a can. Mai haƙar gishiri a Bilma bai taɓa riƙe hauya ba, amma gishirinsa ne shanun Tarka suke lasa.

Wani Bajamushe matafiyi, sunansa Barth, ya biyo irin wannan ayari daga Abzin. Sun iso Damargu a watan Janairu na 1851. Daga garin Tagelel ya fara rabuwa da abokan tafiyarsa biyu. Ɗaya ya nufi Zinder, ɗaya ya nufi Gobir da Maraɗi, shi kuwa ya wuce Katsina da Kano. A cikin littafinsa ya nuna cewa Abzin da hatsin Damargu take rayuwa.

Gidan manomi

Manomin da ba ya sayen kome don gina gidansa. Ɗaki na kara ne da ciyawa. Danga ta zana ce. Rumbu ma na kara ne ko na yumɓu, a ɗora shi bisa duwatsu ko itace don gara da laima. Saboda tsoron hari, mutane ba sa warwatsuwa. Sukan taru gari guda, su kewaye shi da kafi, wasu su zauna kusa da tudu.

Kayan noma kaɗan ne: sungumi na shuka, hauyar tsaye ta noma, da 'yar wuƙar girbi. Hauyar tsaye ta dace da ƙasarmu. Tana yanke ciyawa daga ƙasa kaɗan, ba ta tone gona da zurfi, saboda haka laima ba ta gudu. Mutum guda yana iya nome fili mai faɗi da ita.

Babban ilimin manomi yana cikin rumbu. Ba a sussuke hatsi duka. Da zangarniyarsa ake ajiye shi, dami-dami, don ya fi daɗewa. Mai gida na kirki yakan ware rumbun da ba a taɓawa, sai shekarar da damina ta ƙi. Yakan zaɓi zangarniyoyi masu kyau tun a gona, ya rataye su dabam don iri. Ko yunwa ta yi tsanani, iri shi ne abin da ake ci a ƙarshe.

Mata kuwa aikinsu ba ya ƙarewa: sussuka, surfe, daka, ɗibar ruwa, itace. Da rani suna kaɗi, suna saƙa faifai da tabarma. Maza suna tufka igiya, suna saƙa zana, wasu su tafi farauta.

Tantin makiyayi

Makiyayi ba ya zama wuri guda. In ya zauna, ciyawa ta ƙare, dabba ta mutu. Don haka gidansa dole ya zama wanda jaki ko raƙumi zai ɗauka.

Abzinawa suna da tanti iri biyu. Na wajen Abzin na tabarmi ne, waɗanda mata suke saƙawa da kaba, a shimfiɗa su bisa lanƙwasassun itatuwa. Na wajen yamma na fata ne. Akan ɗinka fatun awaki da tumaki masu yawa, a shafa musu jar ƙasa da mai, don ruwa kada ya shiga. Ga wani abin lura: tanti na mace ne. Uwarta da danginta mata suke haɗa mata shi lokacin aure. Ita take kafa shi, ita take kwance shi. In aure ya mutu, da tantinta take tafiya, namiji ya nemi inuwa.

Bororo su ko ba su damu da rufi ba. Gidansu shingen ƙaya ne, da gado, da wurin jera ƙore. Ƙoren nan su ne dukiyar mace. Takan yi musu zane, ta goge su, ta jera su ranar taro kowa ya gani.

Abincin makiyayi nono ne da hatsi. Da damina nono yakan yi yawa har ya fi ƙarfin sha. Sai matan Abzinawa su yi cuku. Akan sa wa madara ɗan abin da ake samu a cikin tumbin ɗan akuya mai shan nono, sai ta daskare. A shimfiɗa ta fale-fale a kan 'yar tabarmar kara, ruwan ya tsane, a shanya. Cuku yana yin watanni bai lalace ba. Matafiyi yakan daka shi da gero da dabino, ya dama da ruwa. Ƙoƙo guda ya ishe shi wuni. Shayin da muke gani yau a kowane zango baƙo ne. Bai yaɗu ba sai wajen zuwan Nasara.

Fulani suna da wata al'ada mai kyau, haɓɓanaye. In dabbobin mutum sun mutu, sai ɗan'uwa ko aboki ya ba shi aron karsana. Ya riƙe ta, ya sha nononta, ta haifa masa 'ya'ya, sa'an nan ya mai da uwar ga mai ita. Da haka wanda fari ya kayar yake sake tashi.

Fata

A ƙasar makiyaya ba a zubar da fata. Ita ce guga, ita ce igiya, ita ce takalmi, ita ce jaka.

Ga yadda ake jima. A jiƙa fata cikin ruwan toka har gashi ya saki. A kankare shi, a wanke. Sa'an nan a daka 'ya'yan bagaruwa, a jiƙa fatar a ciki kwana da kwanaki. Bagaruwa ita ce take hana fata ruɓewa. A fitar, a shafa mai, a yi ta murzawa har ta yi laushi. In ana son ja, sai a rina da karan dafi. Daga nan aiki ya koma hannun baduku, ko hannun matan maƙera, su yanka, su ɗinka, su yi ado.

Salka aikinta dabam ne. Ba a tsaga cikin akuya. Ta wuya ake zare fatar gaba ɗaya, kamar mai tuɓe riga. A jeme ta, a ɗaure ƙafafu, a bar wuya ya zama baki. Me ya sa ruwan salka yake da sanyi? Domin fatar tana ɗan tsattsafo. In iska ta bugi jiƙaƙƙen bayanta, sai ta kwashe zafin ta tafi da shi. Haka randa take yi. Bido ba ya tsattsafo, shi ya sa ruwansa da azahar kamar an dafa.

Akwai kuma tandu da batta. Akan gina siffar abin da yumɓu, a lulluɓe ta da ɗanyar fata da aka kankare. In ta bushe sai a farfasa yumɓun a zazzage. Abin da ya rage shi ne tandun man shanu, ko battar taba da turare. Ba ya fashewa in ya faɗo daga kan raƙumi.

Garkuwar yaƙi ta Abzinawa da fatar warwaji ake yinta, don tauri da rashin nauyi. Warwaji ya ƙare a dajin Nijar tun wajen shekarun 1980. Sai a 2016 aka sake sakin waɗansu a ƙasar Cadi, daga waɗanda aka kiwata a gidajen namun daji.

Maƙera

Kowane zangon Abzinawa yana da maƙeransa. Da harshensu ana kiransu inadan. Sana'ar gado ce, kuma a tsakaninsu suke aure. Namiji yana aikin ƙarfe da itace da azurfa. Mace tana aikin fata.

Maƙeri shi yake yin sirdin raƙumi mai ƙahoni uku a gaba. Shi yake gyara takobi da mashi. Shi yake sassaƙa turmi da akushi da ludayi da ƙafafun gado. Kayan aikinsa duka suna shiga jaka guda: zugazugi na fata, 'yar uwar maƙera, guduma, awartaki. Inda zango ya sauka, nan maƙera take.

Ga yadda yake yin abin wuya na azurfa. Sai ya fara yin siffar da kakin zuma. Ya rufe ta da yumɓu, ya bar 'yar ƙofa. Ya sa a wuta, kakin ya narke ya fita. Sa'an nan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin. In ta huce ya fasa yumɓun, ya goge, ya yi zane. Kowane guda sai an yi masa nasa yumɓun, don haka ba a samun biyu iri ɗaya sak.

Aikin maƙeri bai tsaya nan ba. Shi ne ɗan aike tsakanin manya. Shi yake shiga tsakani wajen neman aure. Yana iya faɗa wa babba maganar da wani ba ya iya faɗa.

Rawanin Abzinawa kuwa ba a Abzin ake yinsa ba. Turkuɗi daga Kura yake zuwa, kusa da Kano. Can ake saƙa shi, a rina da baba, a buga har ya yi ƙyalli. Abzinawa suna da rubutunsu na tun da, sunansa tifinag. Iyaye mata suke koya wa yara a kan rairayi, maƙera kuma suna zana shi a jikin azurfa.

Gashin jimina

Akwai wata hanyar ayari ta biyu, wadda ta fi ta gishiri tsawo. Tana tashi daga Kano, ta bi Zinder da Damargu da Abzin da Gat, har Turabulus a bakin teku. Tafiyar watanni ce. Ana kai jemammun fatu da hauren giwa da gashin jimina. Ana kawo yadi da takarda da sukari da duwatsun ado.

Daga wajen 1870 matan Turai suka shiga yayin sa gashin jimina a huluna. Sai gashin ya yi tsada. Damargu kuwa ƙasar jimina ce. Maharba suna bin ta a daji. Mutanen gari suna kama 'ya'yanta su kiwata a gida, suna figar gashin suna sayarwa. Garin Jajiduna ya cika da fatake, har Larabawan Gadamas suka zauna a ciki. Yau babu jimina a dajinmu. A Kelle, cikin ƙasar Gure, ana kiwon waɗansu don kada irin ya ɓace.

Amma kada mu ce zamanin da duk daɗi ne. A cikin kayan da ayari yake kaiwa arewa har da mutane. Akwai garuruwa a Damargu da bayi ne suke noma a cikinsu, hatsin kuwa na iyayengijinsu ne. Manomi mai 'yanci ma yakan ba da damman hatsi kowace shekara ga wanda yake tsaronsa. Hari yana da yawa. Mutum yakan fita gona da safe, a wayi gari yana wata ƙasa. Nasara sun hana cinikin bayi a 1905, amma abin bai mutu nan da nan ba. A 2003 Nijar ta yi dokar da ta sa bautar da mutum ya zama babban laifi.

Abin da ya juya zamani

A 1899 sojojin Faransa suka kama Zinder. A wannan shekara kuma wata rundunarsu ta ratso hamada daga Aljeriya, ta bi ta Damargu. A 1900 aka yi yaƙi a Tanamari, aka kashe Musa, shugaban Imuzurag. Nasara suka kafa bariki a Jajiduna, daga baya suka koma Tanut.

A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. A shekarar nan kuma Italiya ta kai wa Turabulus yaƙi. Kayan da raƙumi yake kaiwa teku cikin watanni, jirgi ya riƙa kaiwa cikin kwanaki. Ayarin Turabulus ya mutu. Yayin gashin jimina ma ya wuce wajen 1914. Jajiduna ta koma ƙaramin gari.

A ƙarshen 1916 Kawsan ya tashi yaƙi da Nasara. Shi Ba'abzine ne daga Ikazkazan, a Damargu aka haife shi wajen 1880. Ya kewaye barikin Agadas har watan Maris na 1917, sa'an nan aka kore shi. Abin da ya biyo baya ya yi muni. An kashe mutane da yawa, an ƙwace raƙuma, Abzin ta kusa zama kango. Abzinawa da yawa suka gangaro Damargu, wasu suka wuce har Kano da Sakkwato.

Da hari ya ƙare, manoma suka fita daga kafi, suka yi ta saran sababbin gonaki suna yin arewa. Makiyaya ma suka ƙaru. Fili ya fara ƙunci. A 1961 gwamnatin Nijar ta yi doka, ta ja iyaka: arewa da ita ƙasar kiwo ce, ba ta noma ba. Iyakar nan ta ratsa ta ƙasarmu. A 2010 aka ƙara wata doka wadda ta ce yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne.

Shekarun yunwa

An yi babbar yunwa a 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba. An yi fari a 1973 zuwa 1974, aka sake yi a 1984. Dattawanmu da yawa sun ga na biyun nan da idonsu. Shanu sun mutu, garuruwa sun watse, mutane sun yi kudu.

Me ya ceci waɗanda suka rayu? Taimako ya zo daga waje, gaskiya ne. Amma kafin ya iso, ilimin tsofaffin mata ne ya riƙe gidaje. Sun san 'ya'yan anza suna da ɗaci da dafi, sai an jiƙa su kwanaki ana sake ruwa kafin su zama dilo. Sun san yadda ake tara ƙarangiya, a daka, a sheƙe ƙayar, a fitar da 'yan ƙwayoyin ciki. Sun san ganyen jiga da yaɗiya da tafasa. Sun san aduwa da magariya. Wanda bai san yadda ake gyara anza ba, yana iya mutuwa da yunwa a gindinta, ko ya ci ta cuce shi.

Waɗansu mutane a ƙarshen duniya

Ba mu kaɗai Allah ya zaunar a ƙasa mai wuya ba. Can arewacin duniya, a Kanada da Girinlan da Alaska, akwai mutane da ake kira Inuwit. A Kanada kaɗai sun kai kimanin 70,000 a ƙidayar 2021. Mu zafi ne yake damunmu, su sanyi. Teku kanta daskarewa take yi. A waɗansu wurare rana takan yi makonni ba ta fito ba. Ba a noma, itatuwa ma babu a yawancin ƙasar.

Duk da haka sun rayu shekaru aru-aru. Da me? Da abin da yake gabansu. Akwai wata dabbar teku mai kitse, mai kama da ayu. Maharbi yakan tsaya shiru a bakin ramin da take fitowa shan iska, ya jira ta da mashi. Namanta abinci ne. Kitsenta man fitila ne, fitilar kuwa ta dutse ce, ita ce murhu, ita ce hasken ɗaki. Fatarta takalmi ce, da ita kuma ake rufe ɗan kwalekwalensu. Mata suna ɗinka riguna da fatar wata babbar barewa, jijiya ce zarensu, ƙashi ne allurarsu. In suna tafiya lokacin sanyi, sai su yanka dusar ƙanƙara kamar tubali su gina ɗaki. Karnuka ne raƙumansu, su suke jan kaya. In maharbi ya yi sa'a, sai a raba naman ga zango duka.

A shekarun 1950 da 1960 gwamnatin Kanada ta tara su a garuruwa. Injin ya maye gurbin kare, kanti ya maye gurbin ɗinki. Yara suka tashi ba su iya abin da kakanninsu suka iya ba. Daga baya suka farga. A 1999 suka sami yankinsu mai suna Nunabut, inda suke da babbar murya a mulki. Suna kai samari daji tare da dattawa, su koyi farauta da ɗinki da sanin ƙanƙara. Sun riƙe injin, amma ba su yarda ilimin ya bi kare ba.

Abin da ya rage a hannunmu

Ba wanda zai ce a jefar da bido a koma salka. Bido ya fi araha, ba ya son gyara. Mota ta fi raƙumi sauri. Rijiyar siminti ta fi ta itace. Ba wanda yake son hari da bauta su dawo.

Amma akwai abubuwa biyu da bai kamata su ɓace ba.

Na farko shi ne sani. Yadda ake gyara anza, yadda ake zaɓen iri, yadda ake jima, yadda ake gane hanya da taurari. Fari ya zo a 1913, ya zo a 1973, ya zo a 1984. Zai iya sake zuwa. Tsohuwar da ta san waɗannan abubuwa tana nan a gidanku. Ku tura 'ya'yanku su zauna kusa da ita tun tana da rai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na biyu shi ne zaman tare. A da, in an gama girbi, manomi da kansa yake kiran makiyayi ya sauka a gonarsa. Dabbobi su ci kara, su bar taki. Manomi ya ba da hatsi, makiyayi ya ba da nono. Maƙeri ya yi wa wannan hauya, ya yi wa wancan sirdi. Yau gona ta ci burtali, dabba ta ci gona, sai ka ji an zare wuƙa a kan abin da kakanninmu suke kashewa da ƙwaryar fura.

Tarihin Damargu ya nuna mana ba a taɓa yin lokacin da manomi ya rayu shi kaɗai ba, ko makiyayi shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kaka ta zo bana, mai gona ya tuna da wannan kafin ya shuke burtali. Mai garke ya tuna da shi kafin ya saki dabba a hatsin da ba a kwashe ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.